Mai Gwangwani da Baƙin Sanyi

Aikinsa korar tsuntsaye ne. Wanda zai yi dariya ya yi tun yanzu ya gama, don can gaba ba zai samu wurin yin ta ba.

A bakin tafkin, ta ɓangaren da ƙasa ta kwanta, akwai gonar kifi. Kududdufai ne a jere, an haƙa su an daddaɓe gaɓarsu, ana jawo musu ruwa daga tafki ta bututu. A ciki ake rainon 'ya'yan kifi har su isa sayarwa. Duk inda aka tara kifi a ruwa marar zurfi kuwa, tsuntsu aka gayyata. Shi ya sa tun da aka kafa gonar aka ɗauki mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai zagaya kududdufan daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, da gwangwani a hannu, da tsakuwa a ciki, yana kaɗawa. Ya shigo aikin da baƙin gashi, ya yi furfura a cikinsa. In ka tambayi ma'aikatan gonar ainihin sunansa, sai sun tsaya sun sosa ƙeya. Mai Gwangwani kawai aka sani.

Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka saboda kaɗe-kaɗen shekaru. Bai taɓa ɗana tarko ba, bai taɓa jifan tsuntsu da dutse ba. Tsohon maigida, wanda ya kafa gonar, ya taɓa saya masa danƙo. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya rataye shi a ƙusa har robar ta tsinke da kanta. Shi dai a wurinsa kora kora ce, kisa kuma wani aiki ne daban da ba a ɗauke shi ya yi ba. Kuma korar ma ba haka kawai ake yin ta ba. Tsuntsu yana haddace mutum. In kullum ta hanya ɗaya kake ɓullowa, da riga ɗaya, sai ya riƙa matsawa kaɗan yana jira ka wuce. Don haka yau ya fara daga kududdufin ƙarshe, gobe daga tsakiya, yau da hula, gobe ya ɗaura tsohon zanen matarsa a sanda yana kaɗawa sama. Yara ba su zuwa wurin, manya ne suke masa dariya.

Albashin ba abin faɗa ba ne. Abin da ya riƙe shi ɗaki ne. A ƙarshen siton abincin kifi akwai ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a gaba, kuma duk wanda ke riƙe da aikin kora, shi ke zama a ciki. Ɗakin a ƙasa yake, ba matakala ko ɗaya, ƙofarsa tana kallon kududdufan, bayansu kuma tafki har inda ido ya tsaya. Wannan rashin matakala shi ne komai, saboda Goggo.

Goggo matarsa ce, kowa a gonar haka yake kiran ta. Tela ce a da, mai keken ɗinki da baki mai kaifi, har ciwon ƙugu ya kama ta, ƙafafun suka kumbura suka ƙi ɗaukar ta. Daga gado zuwa bakin ƙofa, nan duniyarta ta tsaya, shi ɗin ma sai ya tallafe ta. Kullum da safe zai fito da kujerarta ƙarƙashin rumfa, ya zaunar da ita, ya lulluɓe mata gwiwa da bargo, ya ajiye mata shayi kusa da hannu, sannan ya ɗauki gwangwaninsa. 'Yarsu ɗaya ce ta rayu, Auta, tana aure a cikin gari, a ɗakin haya can ƙololuwar bene, ita da miji da yara. Tagar ɗakin bangon wani gida take kallo. Su biyun ba su taɓa zama sun yi maganar ba, amma kowannensu ya san inda za su in suka bar nan, kuma ya san wadda ba ta iya taka ƙasa mai laushi ba za ta riƙa hawa da sauka a bene ba.

A damina da rani aikin na 'yan gida ne: zalɓe, balbela, da ɗan ƙaramin nan mai shuɗin baya da ke tsinduma cikin ruwa kamar an jefa shi. Amma in kaka ta ƙare, aka kwashe amfanin gona, ganye ya fara zuba, ruwan tafki ya ja da baya ya bar taɓo a baki, to lokacin baƙi ya yi. Daga wani wuri mai nisa suke zuwa, inda sanyi ya fi na nan tsanani, kuma ba sa zuwa a tare. Na farko ƙanana ne, ruwan toka, masu siraran ƙafafu, da ke gudu a bakin taɓo kamar an aike su. Sai agwagin ruwa, iri-iri, waɗansu da kore a fiffike, waɗansu da jan kai. Sai dinya, da kukanta da ake ji kafin a gan ta. Sai kwasakwasa su sauka can tsakiyar tafki, farare fat, su jeru. In sanyi ya kankama kuma sai baƙaƙen masu nutso su iso, waɗanda su ne abokan gabarsa na gaskiya, don guda ɗaya yana iya cika cikinsa da 'ya'yan kifi kafin ka zagayo.

Da yawansu bai san sunansu ba. Shi da Goggo ne suka raɗa musu. Akwai Ɗan Sanda, mai baƙi da fari, da ke tsayawa kan turke yana hararar kowa. Akwai Tela, mai dogon baki da ke caccakar taɓo sauri-sauri kamar allurar keke. Idon Goggo ba ya kai wa bakin tafki, don haka in ya dawo shan ruwa da hantsi, ba ta barin sa ya zauna.

"Yau wa ya zo?"

"Telolinki sun iso. Suna can suna ɗinke taɓo."

"Da wuri haka? To sanyin bana ba zai raga mana ba. Ƙanen naka fa?"

Zalɓe take nufi.

"Yana kududdufin ƙarshe, a kan ƙafa ɗaya. Na kore shi, ya zagayo ta bayana."

"Ina zai je ya bar yayansa? Ku biyu ƙafa zaƙo-zaƙo, wuya kamar igiyar guga."

"Da wuyan nan kika gan ni kika ce kin ji kin gani."

"Idona ne bai gama buɗewa ba lokacin. Miƙo min bargon, ya zame."

Haka suka yi ta yi, sanyi bayan sanyi, har tsohon maigida ya rasu, ɗansa ya karɓi gonar.

A faɗi gaskiya, ɗan maigida ba mugu ba ne. Da mugu ne da labarin ya fi sauƙin haɗiya. Mai Gwangwani ya saɓa shi a kafaɗa yana ƙarami, ya zagaya kududdufan da shi, kuma har ya girma ya yi gemu Baba yake ce masa. Ya gaji gona mai rauni, yana so ta tsaya da ƙafarta. Sai ya sayo raga. Baƙa ce, ta zaren roba, siririya har in rana ta karkata ba ka ganin ta sam. Aka kafa turaku, aka ja ta a saman kowane kududdufi kamar rufi. Kuma ta yi aiki. Wannan ma a faɗa. A damina ɗaya kifin da ya tsira ya fi abin da gwangwani ya taɓa tsirar da shi.

Yaron, wato ɗan maigida, bai kori Mai Gwangwani ba. Ya same shi a rumfa ya durƙusa ya gaida Goggo, sannan ya ce, "Baba, ka huta da zagaye. Da safe ka bi ragar, ka cire abin da ta kama, shi ke nan aikinka. Ɗakinka yana nan. Abu ɗaya nake roƙo: kada wuƙa ta taɓa ragar nan. Ido ɗaya in ya yanke, saura bin sa suke yi. Duk wanda ya yanka ta, ko wane ne, ya gama aiki a nan. Na faɗa wa kowa, ba kai kaɗai ba."

"Allah ya yi albarka," in ji Mai Gwangwani. Kuma har zuciyarsa ya faɗa.

Tsuntsayen gida ba su daɗe ba suka gane ragar suka riƙa kauce mata. Baƙi ne ba wanda ya gaya musu. Sukan iso da yamma liƙis, a gajiye, su hango ruwa kwance inda suka saba sauka tun kakanninsu, su naɗe fiffike su faɗo. Da kaka ta ƙare a shekarar, sai ya fara samun su da safe a rataye. Wanda ya mutu ba wuya, a ja shi a jefa a baro. Mai rai ne bala'i. Zaren yakan naɗe fiffike ya shige cikin nama, in tsuntsun ya yi motsi ya ƙara shigewa. Sai ya shiga ruwa har ƙirji, cikin sanyin da ke sa haƙori kaɗawa, ya ɗaga hannu sama yana warwarewa da yatsun da ba sa jin komai. Wani ya warwaru. Wani ya mutu a hannunsa yana cikin warwarewa.

Mai Abinci, wanda ke watsa wa kifi abinci safe da yamma, abokin wasansa ne tun suna da ƙarfi. Ya tsaya a gaɓa da bokiti yana kallon sa.

"Kai tsoho, za ka kashe kanka a kan nama. Murɗe wuya, ka huta ya huta."

"Kai ka zo ka murɗe."

"Ni? Ni ciyarwa aka ɗauke ni."

"Ni ma kora aka ɗauke ni."

"To ka kore shi mana, ga shi nan a hannunka."

Ba wanda ya yi dariya.

A irin wannan lokacin ne masu kallon tsuntsaye suke zuwa bakin tafkin, a motoci masu kyau, da madubin hangen nesa rataye a wuya, da manyan riguna na sanyi. A da sukan ɗaga masa hannu, wani ma ya tambaye shi ina dinya ta sauka. Wata safiya wata mata a cikinsu ta leƙo ta shingen waya ta ga baron. Ta ɗauki hoto, sannan ta buɗe baki ta wanke shi tas. Ta ce masa marar imani, ta ce yaya yake iya barci. Yana tsaye jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun yi shuɗi, da matacciyar agwagwa a hannu. Ofishin gonar yana nan a bakin hanya da allo a ƙofa, ba ta taka can ba. Mai ragar yana da mota irin tata, shi ba a yi masa tsawa. Tsoho mai rawar ɗari shi ya fi sauƙin zagi, kuma ta zage shi ta ji daɗin ranta, ta shiga mota ta kunna abin ɗumi ta tafi.

Goggo ce ta lura ya daina kawo labari. Zai dawo ya canza kaya ya zauna yana kallon ƙasa.

"Yau wa ya zo?"

"Ba kowa."

"Ƙarya kake. Tun asuba nake jin kukan dinya. Kurma ka mayar da ni bayan gurguwa?"

Sai ya gaya mata. Ya gaya mata na Ɗan Sandan da ya samu da fiffike a karye, da Telan da zaren ya shaƙe. Ya ce da za a yanke ido biyu ko uku na ragar, da yawansu za su fita lafiya, amma ta ji abin da yaron ya ce.

Ta murza bakin bargo. Can ta ce, "Jawo min gwangwanin zare daga ƙarƙashin gado."

Ragowar sana'arta ce a ciki: zarurruka kala-kala, allurai, da ɗan almakashi mai baƙin hannu. Ta zaro baƙin zare.

"Ya ce kada a bar ta a huje, ko ba haka yake tsoro ba? To ka yanka, ka ɗinke. Baƙi a kan baƙi, wa zai gani?"

"Zai riƙe?"

"Zaren nawa kake tambaya? Da shi na ɗinka wandon direban tirela, mutum kamar buhu biyu, har ya mutu bai ɓarke ba."

Ta ninka zaren huɗu, ta murza shi a cinya, ta goga masa kyandir don kada ruwa ya shige shi. Ta sa ya kawo guntun ragar da ya rage a sito, ta duba yadda aka ƙulla idanun, ta koya masa a bakin ƙofa. Yatsunsa manya ne, ƙullin yana kuɓuce masa.

"Ba haka ba! Ta ƙasa za ka bi, ka zagayo. Kai wannan hannu naka ko tsintsiya."

"Sannu, malama."

"Sake."

Sun yi tunanin launi, sun yi tunanin ruwa. Abin da ba su yi tunani ba shi ne zaren ɗinki auduga ne. Wando ana wanke shi a shanya ya bushe a ninke a ajiye. Raga kuwa raɓa ce ke kwana a kanta kullum, rana ta gasa ta, iska ta yi ta ja. Kyandir kwana kaɗan yake yi ya ɓanɓare. Ita ta san zare a kan tufa, shi ya san tsuntsu a kan ruwa, babu wanda ya san auduga a sarari.

Amma kafin nan sun samu kwanakinsu, kuma ba wanda zai ƙwace musu su. Da sassafe, tururi na tashi daga ruwa, zai shiga da almakashi a aljihun gaba da zare a baki. Ƙyas, ƙyas, fiffike ya fito. Yakan riƙe tsuntsun a ƙirji na ɗan lokaci, yana jin zuciyarsa tana bugawa kamar za ta fasa, sannan ya kai shi gaɓa ya buɗe hannu. Wani ya tashi nan take. Wani ya tsaya yana gyara gashi, kamar mai jin kunya. Sai ya koma ya ƙulla. Labari ya dawo rumfa.

"Yau na saki wata mai jan kai. Ta sare ni a yatsa."

"Ta kyauta. Mace ce ai, ka taɓa ta ba izini."

Ya gaya mata kwasakwasa sun iso, sun fi na bara yawa. Ya gaya mata ya ga wani da bai taɓa gani ba, fari da baƙi, bakinsa ya lanƙwasa sama, yana share ruwa hagu da dama. Ta ce a sa masa Mai Shara. Ya ga wata gaggafa mai farin ƙirji ta faɗo tafki da ƙafa ta tashi da kifi, kuma karo na farko a rayuwarsa ya tsaya ya kalli tsuntsu yana cin kifi bai ɗaga hannu ba, tunda ba na gonar ba ne. Mai Abinci ya ga ƙulle-ƙullen tun farko. Abin da ya ce kawai, "Tsoho, ashe ka koma tela. Yaushe za ka rage min wandona?" Bai kai maganar ko'ina ba.

Sanyi ya kankama. Aka kwana ana iska mai ƙarfi daga wajen tafki, kuma a bayan iskar baƙaƙen masu nutso suka iso, garke guda, da yunwa. Suka sauka a kan ragar babban kududdufi, wanda aka zuba 'ya'yan kifin da gonar za ta sayar a shekara mai zuwa. Ragar ta lotsa da nauyinsu. Zaren roba ya riƙe. Zaren Goggo, da ya riga ya ruɓe, ya saki, ƙulli bayan ƙulli, kuma inda ya saki idanun da ke kusa suka bi. Ta waɗannan ramuka suka zuba ciki.

Da gari ya waye Mai Gwangwani ya fito ya zaunar da Goggo, tun daga rumfa ya ji ƙarar. Ruwan kududdufin yana tafasa. Sun ci sun ƙoshi, sun zo tashi, rufi a kansu. Ramukan da suka shigo ta ciki ba su gane su ba. Suna dukan ragar da kai, suna faɗowa, suna sake tasowa, gashinsu ya jiƙe ya yi nauyi, waɗansu har sun daina tasowa.

Mai Abinci ya riga shi isa. Ya kama shi a hannu ya ja shi gefe.

"Saurare ni da kyau. Kifi ya riga ya tafi, ba abin da zai dawo da shi. Iska aka yi jiya, kowa ya ji ta. Mu tsince guntayen zaren nan kafin yaron ya iso, mu ce iska ce da nauyinsu. Ni shaida ne. Su kuwa ka bar su, kafin hantsi sun yi shiru."

"Su nutse ke nan."

"Su nutse! Ɓarayi ne, kai da bakinka kake faɗa. Dubi can." Ya juya shi da ƙarfi ya fuskanci rumfa. Goggo tana zaune cikin bargo, ƙarama daga nesa, ta ɗaga hannu ta kare ido tana ƙoƙarin gano abin da ake ciki. "Ita za ka duba, ba su ba."

Ya dube ta. Ya daɗe yana duban ta. Ya san Mai Abinci gaskiya ya faɗa, kuma ya san abin da zai biyo baya dalla-dalla, har da matakalar. Kada wani ya ce bai sani ba, ko ruɗewa ya yi. A bayansa ƙarar fiffike tana raguwa, kuma raguwar ce ya kasa jurewa. Shi ya buɗe musu ƙofar da suka shiga, da hannunsa, ƙulli bayan ƙulli.

Ya cire hula ya ba Mai Abinci. Ya shiga ruwan. Almakashin ya yi kaɗan, sai ya zaro wuƙar buɗe buhu daga ƙugunsa, ya soka a ragar, ya yi ta tafiya yana ja, daga wannan baki har wancan. Rufin ya rabu biyu ya faɗa ruwa. Masu sauran ƙarfi suka yi gudu a kan ruwan suna dukan sa da ƙafa, suka tashi ƙasa-ƙasa suka nufi tafki. Waɗanda suka gaza ya riƙa ɗaukowa yana ajiyewa a gaɓa, suka buɗe fiffike suna shanya. A haka ɗan maigida ya same shi.

Bai yi ihu ba. Ya zagaya kududdufin, ya tsuguna ya ɗauki wani guntun baƙin zare ya murza, ya marmashe a yatsunsa. Ya dubi ruwan da babu motsin kifi a ciki.

"Baba, me na yi maka?"

"Ba ka yi min komai ba."

"Na ce ka huta. Na bar maka ɗaki. Abu ɗaya na roƙe ka."

"Haka ne."

"Da ka zo ka gaya min."

"Da na gaya maka, za ka cire ta?"

Su biyun sun san amsar.

Goggo ta aika Mai Abinci ya kira yaron rumfa. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa komai ba, ko lokacin da ƙafafunta suka mutu, ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Ɗana, zarena ne. Ni na ba shi, ni na koya masa. In hukunci ne, ni za ka yi wa."

"Goggo, ba zare ne ya tsaga ta daga baki zuwa baki ba."

"Ni na yi maka wankan farko da ka faɗa kududdufin can. Ka bar mana ɗakin kawai. Ba ma son albashi."

Idonsa ya kawo ruwa, wannan gaskiya ne, an gani. Ya ce ya faɗa a gaban kowa, in ya janye yau ba wanda zai sake jin maganarsa. Ya ce shekarar gaba ɗaya ta tafi a safiya ɗaya, bai ma san ko gonar za ta kai baɗi ba. Ya ce ɗakin na mai aiki ne, kuma dole ya ɗauki wanda zai kwana kusa da raga. Duk abin da ya faɗa daidai ne, ɗaya bayan ɗaya. Mutum yana iya jera daidai har ya fitar da gurguwa daga ɗakinta, ya koma gida ya ci abinci. Ya ba su zuwa ƙarshen wata, ya kuma ba da motar gonar ta kai kayansu.

Kayan ba su cika bayan motar ba. Gado, kujera, keken ɗinkin da ya yi tsatsa, tukwane. Mai Abinci ne ya taya lodi, yana yi yana zagin igiya, yana zagin direba, yana zagin kowa ban da wanda yake son zagi. Goggo ba ta yi magana da mijinta ba tun ranar. Ba gaba take yi ba, tana karɓar shayi daga hannunsa, tana bari ya tallafe ta. Magana ce dai babu.

A gidan hayar, mijin Auta ne ya goya ta. Mutumin kirki ne, mai ƙiba, yana hawa yana haki. Auta tana gaba tana cewa a yi a hankali, maƙwabta sun leƙo ta ƙofofi, Mai Gwangwani yana baya da hannu a buɗe ko za ta zame. Matakalar siririya ce, tana warin kananzir da jiƙaƙƙen siminti. Inda ta karya kwana ta biyu Goggo ta ce a tsaya.

"Sauke ni nan, ɗana, ka numfasa. Kada ka mutu a ce ni na kashe wa 'yata miji."

Ya zaunar da ita a kan matakala. Ta jingina da bango ta rufe ido. Sannan, ba tare da ta buɗe su ba, ta ce wa mijinta, "Malam."

"Na'am."

"Guda nawa suka tashi?"

"Ban ƙirga ba."

"Da ka ƙirga. Ko ba komai in san a kan nawa aka hau da ni nan."

Auta ta juya fuska ga bango.

"Da yawa dai?"

"Da yawa."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta miƙa wa surukin hannu.

"To ɗauke ni mu ƙarasa. Kai kuma ka sauka ka kula da kayan, kada a sace min tukwane a ƙofar gida."